Lambatun da Muka Cike da Toka

Talata, bayan la'asar

Kabejina yana yaushi. Tun hantsi ganye ya langaɓe, ni kuwa da ganin haka na yi abin da kowane mai lambu zai yi a tsakiyar rani, na ta da inji na ƙara masa ruwa. Fangali ya cika, na tsaya jiran ƙasa ta shanye. Ba ta sha ba. Har na je na yi salla na dawo, ruwan yana nan kwance abinsa.

Tun ina yaro nake cikin gonar nan tare da Baba, Allah ya ji ƙansa, ban taɓa ganin ranar da ƙasar nan ta ƙi ruwa ba.

Asabe ta ce na fara magana ni kaɗai a tsakar gida, maƙwabta za su ce mijinta ya taɓu. To ga shi ina rubutawa, kowa ya huta.

Alhamis, da azahar

Na tuge kabeji ɗaya in ga abin da ke ƙasa. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, ga wari. Na ɗauko diga na haƙa rami a gefen fangali, ban kai tsawon hannuna ba ruwa ya ɓuɓɓugo, ja mai tsatsa. Ashe ba ƙishi yake ji ba, nutsewa yake yi, ni kuma ina ta ƙara masa. Haushin kaina ya hana ni karyawa.

Gonar nan gangare ce. A can sama tsohon ramin kuza yake, wanda ya zama kududdufin da muke jawo ruwa. Daga shi sai wajen ƙanena Datti, sai nawa a ƙasa, sai bishiyar mangwaro da rafi. Da Baba ya rasu Datti ya ce sama yake so. Na bar masa don a zauna lafiya, wai ni babba. Yanzu injinsa biyu sababbi, daga asuba har faɗuwar rana ba sa numfashi.

Na hau na same shi yana jan tiyo.

"Datti, ka rage ruwan nan. Ta ƙasa yake fito mini."

"Ta ƙasa kuma, Yaya? To ai arziki ne ya same ka, ka huta da sayen mai."

"Kabejina ruɓewa yake yi."

"Irin ne ba shi da kyau. Na sha faɗa maka ka daina sayen na bakin titi."

Yaron da ni na koya masa riƙon fartanya. Na juyo kafin bakina ya faɗi abin da uwarmu ba za ta so ji ba.

Asabar, da yamma

Na kai wa Ngo Klaudiya latas da karas, kamar yadda na saba.

Gonar ba tamu ba ce, ta gidan mijinta ce, marigayi Da Pam ("Ngo" da "Da" haka suke kiran dattijansu, mace da namiji). Shi da Baba suka ƙulla abin tun kafin a haife ni: rani namu, damina tasu. Ruwan farko yana sauka mu rushe fangali, mu yi musu kunyar shuka, su shuka masara a kan takin da muka zuba. Babu takarda. Duk shekara da baki ake sabuntawa, kuma tun da Da Pam ya kwanta a kabarinsa a gindin mangwaron nan, bakin Ngo ne.

Ta ja ni ɗakinta ta nuna mini bango. Danshi ya hau shi har gwiwa, fenti yana zuba.

"Haladu, ka gani? Ko damina bai yi haka ba da. Masara na bara ma bai yi ba, ya yi ruwan ɗorawa ya tsaya. Ƙasa ya gaji."

Na ce za a gyara, Ngo.

"Jeffrey zai zo Ista. Ya ce akwai masu so su gina ɗakin 'yan makaranta a wurin. Ni ban so ba, Baba, maigidana, ya ce a bar ku. Amma in ƙasa ya mutu, me zan gaya wa yaro?"

Jeffrey babban ɗansu ne, yana aikin gwamnati a Abuja. Ba ni da abin da zan ce a kansa, gonar ubansa ce. Sai dai tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Ban iya komai ba a duniya sai lambu, kuma ban san wata ƙasa ba sai wannan.

Litinin, da hantsi

Kasuwar Farin Gada. Na zaɓi masu ɗan kyau na cika buhu, na kai wa Madam Chinonye, wadda take saye a hannuna tana lodawa zuwa Anacha. Ta ɗaga ɗaya ta juya gindinsa ta kai hanci.

"Oga Haladu, wannan ba zai kai ba. Kafin mota ya wuce Akwanga ya zama miya. Abeg, kar ka ji haushi."

Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa. Haushina shi ne ina tsaye aka sauke buhunan Datti, tana buɗewa tana yabo. 'Yan lodi suna kallona ta gefen ido. Na bar wa masu awaki kabejina na dawo.

Laraba, bayan magariba

Na kashe injina tun Alhamis, ko ɗigo ban ƙara ba. Ramin da na haƙa ya ƙara cika.

Injin Datti.

Juma'a, bayan masallaci

A sahu na tuna da lambatun, Allah ya yafe mini.

Lokacin da muke yara akwai wata doguwar magudanar ruwa da 'yan kuza suka bari, ta ratsa tsakiyar gonar daga sama har rafi. Zurfinta ya kai ƙirjin babba, muna gasar tsallake ta. Ita ke kwashe duk ruwan da ya yi yawa. To mu masu lambun Jos da tokar gari muke noma. Kowace shekara tifa ta kawo sharar bola da aka ƙone, a baza a gona. In an baza sai kowa ya ɗan tura ragowar cikin lambatun, ya sami ƙarin layi ɗaya na shuka. Baba ya yi, maƙwabtanmu sun yi, Da Pam kansa murna yake don kunyar masararsa ta ƙaru. A hankali muka cike shi ƙaf, muka shuka kabeji a kai, muka manta da shi.

Na sami Ngo na ce ina so in sake buɗe shi. Ta ce, "Ka yi. Amma kar ka taɓa wurin Baba." Na ce zan lanƙwasa shi tun kafin mangwaro, ya bi ta hagu ya faɗa rafi, nesa da kabarin.

Na nemi Datti ya kama mini. Ya ce, "Yaya, ta tsakiyar ɗan abin da ya rage maka fa zai bi. Da hannunka za ka kashe kabejinka?" Na ce ai an riga an kashe mini shi, ni binnewa kawai zan yi. Ya yi kamar bai ji ba.

Lahadi, da la'asar

Haƙa. Ni kaɗai.

Ba wuya a gane hanyarsa. In diga ta sami ƙasar asali sai ta yi tsalle, in ta sami toka sai ta nutse. Ina bin taushin. Abin da ke fitowa kuwa sai wanda ya gani: tsofaffin batura, takalman roba, cokula, kwalaben magani, sharar garin nan ta shekara da shekaru. Har da wani kofin silba irin wanda muke shan koko da shi muna yara.

Na sare kabeji mai lafiya da shebur, layi guda cur. Ban kalle su ba.

Talata, bayan isha

Baya ya ƙi miƙewa. Asabe ta gasa mini da ruwan zafi tana mita. "Malam, kai ne babba, kai ne a rami, shi yana sama yana latsa waya." Na ce ta yi shiru. Ba don ƙarya ta yi ba.

Injin Datti, har yau.

Asabar, da hantsi

Ya gudana!

Na fasa ɗan shingen da ya rage a lanƙwasar, ruwa ya taho, da farko ja mai kauri, daga baya ya washe. Na bi shi da ƙafa har ya faɗa rafi. Na zauna a bakin lambatun, laka har wuya, ina dariya ni kaɗai. Asabe ta yi gaskiya, na taɓu.

Ngo ta zo tana dogara sanda. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Yadda yake da ke nan. Haladu, ka yi ƙoƙari." Rabon da in ji daɗin magana haka har na manta.

Datti ya leƙo daga sama, ya ce tun da yanzu akwai mafita ai sai ya saki ruwa da kyau. Na ɗauka wasa yake yi.

Talata, da azahar

Ba wasa yake yi ba.

Duk da haka fangalina ya fara tsanewa. Na taka ban nutse ba. In Jeffrey ya zo zai tarar da ƙasa mai rai, sai in ga abin da zai ce.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Ruwan da ke shiga lambatun ta sama ya fi wanda ke faɗawa rafi yawa. Na tsaya a lanƙwasar na duba, na sake dubawa. Wataƙila idona ne.

Alhamis, da safe

Na je gindin mangwaro.

Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Juma'a

Ban je gona ba. Na ce wa Asabe zazzaɓi ne.

Asabar, bayan la'asar

Na je da niyyar in faɗa wa Ngo da bakina. Na tarar da motar Jeffrey a ƙofar gida, ana ta sauke kaya, jikoki sun kewaye ta tana dariya. Na gaishe su na dawo. Na toshe lambatun daga sama da buhunan ƙasa, amma na san na makara.

Lahadi, da yamma

Al'adarsu ce ranar Ista in an tashi daga coci iyali su je kabarin su yi addu'a. Ina gona lokacin da suka gangaro cikin kayan kwalliya. Na ji waƙar ta yanke.

To tun da duk duniya ta gani, bari in rubuta. Simintin kabarin ya dare gida biyu, gefen kai ya lotsa, gicciyen ya karkace, jan ruwa yana tsattsafowa ta tsagar. Ni na lanƙwasa lambatuna a sama, amma tsohon bai lanƙwasa ba. Miƙewa ya yi ta gindin mangwaron. Na buɗe wa ruwa rabin hanya, shi kuma ya ƙarasa sauran ta cikin tokar da ke binne. Masu haƙa kabarin a wancan lokaci sun zaɓi inda ƙasa ke da taushi ne, ba wanda ya tuna abin da ya sa take da taushi.

Jeffrey ya taho wajena, takalminsa duk laka.

"Baba Haladu, babana yana kwance cikin ruwa. Wa ya sa ka? Wa ya ce ka haƙa?"

Kafin in buɗe baki Datti ya sauko da gudu. Na ɗauka tsaya mini zai yi. Ya ce, "Oga Jeffrey, wallahi na faɗa masa kada ya haƙa."

Ciki ɗaya muka fito da shi.

Samari sun fara taruwa daga cikin unguwa, wasu ban san su ba. A garin nan magana irin wannan ba ta tsayawa a gona, kowa ya san inda take zuwa. Sai Ngo ta buga sandarta a ƙasa.

"Kowa ya koma gidansa! Haladu ne. Ni na ba shi izni. Wanda zai taɓa shi ya fara da ni."

Suka watse a hankali. Ba ta kalle ni ba, ta juya ta tafi, 'ya'yanta mata suna riƙe da ita.

Litinin

Shiru daga gidan Ngo. Datti ya kashe injinansa yau, wai don ta'aziyya.

Laraba, da hantsi

Ya ta da su.

Juma'a, da yamma

Ngo ta aiko in zo. Na tarar da ita da Jeffrey da fastonsu. Sun yanke shawara za a ɗaga Da Pam a mayar da shi wani wuri, amma dole a cikin gonar, don haka ya yi wasiyya.

"Kai ka san ƙasan nan," in ji ta. "Ka nemo mini inda ya bushe. Ba na so in tone shi sau biyu."

Na ɗauki dogon rodi na fita, Jeffrey yana bina a baya. In na soka in zare, in duba bakin ƙarfen. Gefen rafi, laka. Bayan gidansu, laka. Wajena, daga wannan iyaka zuwa waccan, laka. Ban san abin ya kai haka ba sai yau. Mun yi ta hawa har muka shiga wajen Datti, nan ma jiƙe. Sai can ƙarshe, a kan tudun da Datti ya dasa koren tattasai, inda ya fi ji da shi, ƙarfen ya fito a bushe. Na soka a wuri uku don kada a ce son zuciya ne.

Na ce wa Jeffrey, nan ne kaɗai.

Datti yana tsaye da tiyo a hannu. Da Jeffrey ya gangara ya ce mini, "Ka ji daɗi yanzu, Yaya?"

Tsakani da Allah na ji, amma daɗin bai kai ni ko bakin titi ba.

Asabar, bayan azahar

An mayar da Da Pam sabon wurinsa. Daga nesa na tsaya, gindin wani dutse, ba wurina ba ne yau. Na ga sun haura da sabon akwati ta gefen lambatuna, masu ɗauka suna zamewa. Mutumin da yake ba ni gasasshiyar masara ina yaro. Na yi kuka, ba wanda ya gani.

Da aka watse Ngo ta kira mu, ni da Datti. Tana zaune a kan benci a ƙofar ɗakinta, ta rame a kwanakin nan.

"Haladu, na gode da wurin da ka nemo. Na san gyara ka so yi." Ta numfasa. "Amma ba zan iya in ji inji yana kuka a kan Baba ba kuma. Ku kwashe abin da ya rage. Rani mai zuwa kar ku zo."

Datti ya fara, "Ngo, ni ai ban…" Ta ɗaga masa hannu.

Ni cewa na yi, "To, Ngo." Na tambaya ko in rushe fangali in yi mata kunya kafin ruwa ya sauka. Ta ce ba sai na yi ba, bana ba za ta shuka komai ba.

Litinin, da safe

Na farka da asuba na sa takalmin roba, har na kai zaure sannan na tuna. Na zauna a nan har rana ta fito.

An ce an ga masu awo a gonar da igiya da fegi.

Alhamis, bayan la'asar

Datti ya zo gida. Rabonsa da gidan nan tun sunan autata. Ya zauna a tabarmata, ya sha ruwa, ya yi gyaran murya.

Ashe tun kafin Ista ya kama wata gona can gaba a Titin Bauchi, ta ninka tamu, ga dam kusa. Tun ina cikin rami ina haƙa ya san inda zai koma. Zai dasa tumatirin farkon damina, sai an yi ta ba shi ruwa kafin sama ta zauna, kuma yana neman wanda ya san aiki.

"Yaya, ka zo ka riƙe mini. Ba a matsayin lebura ba."

"A matsayin me?"

Ya duba wayarsa.

Asabe tana bakin murhu, ta juya mana baya. Na san ta ji komai, na kuma san abin da ya rage a buhun masara, don ni na ɗaga shi jiya da hannu ɗaya. Da ta yi mitar da ta saba da na sami ƙarfin korarsa. Sai ta ci gaba da fifita wuta.

Na ce masa zan yi tunani.

Asabar, da magariba

Na je.

Ƙasa ce ja, busasshiya, mai kyau. Na zuba mata bokiti ɗaya ta shanye nan take. Mai gonar wani dattijo ne mai fara'a, sai godiya yake yi wai an zo a raya masa wuri. Na zagaya iyakar gonar duka ina dubawa, sannan na tambaye shi ta ina ruwa yake fita in ya yi yawa. Ya yi dariya, ya ce ruwa bai taɓa yi masa yawa ba.

Datti ya sauke injinan daga mota. Uku ne yanzu. Ya jera su a bakin dam, ya jona tiyo, ya koma inuwa.

"Yaya, rana tana yi."

Na kalli dattijon, yana ta murmushi. Na sunkuya na ja igiyar injin.